Filin jirgin Yamai: Haɗarin da ke ƙarƙashin fiffike

Fasinjan da ya sauka a filin jirgin saman Diori Hamani da ke Yamai, da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa sai ya yi hamdala, ya kunna waya, ya shaida wa 'yan gida ya iso lafiya. A daidai wannan lokacin ne masu riguna masu ƙyalli da ke jira a ƙasa suke shiga mafi haɗarin aikinsu. Mai yi wa matuƙi ishara, mai sa wa taya waigi, direban motar matakala, masu sauke kaya da masu tankar mai, duk za su taru a gindin jirgi ɗaya, kowa agogo na korarsa.

Tun da kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin, aka buɗe shi a watan Yunin 2019 gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka, ake yabon ginin, kuma ya cancanta. To amma gini ba ya hana mutum kusantar injin da ke juyawa.

Abin da ya faru a birnin Montgomery na Amurka ranar 31 ga Disamban 2022 ya isa misali. Wani jirgi ƙirar Embraer ya iso, ƙaramin injin da ke ba shi lantarki a ƙasa ba ya aiki, don haka dole manyan injina su ci gaba da aiki na ɗan lokaci. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta ce sau biyu aka tara ma'aikata kafin isowarsa, aka gargaɗe su kada kowa ya matsa sai injin ya tsaya, jar fitilar da ke walƙiya a jikin jirgin ta mutu. Duk da haka wata ma'aikaciya ta matsa, injin ya zuƙe ta, ta mutu nan take. Doka na nan, gargaɗi an yi, kuma a ƙasar da ba ta rasa kayan aiki ba.

Balle Yamai, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, kwalta na tururi, hazo kuma na rage gani a lokacin hunturu. Ga jigilar alhazai, lokacin da jirage da kaya ke yawa, barci ke ƙaranci. Ga kuma harshe: matuƙin Ethiopian ko na Turkish da Turanci zai yi magana, na ƙasa sun saba da Faransanci, a tsakaninsu kuwa Zabarmanci ne ko Hausa. Cikin ƙarar injin, ishara ɗaya da aka fahimta a baibai ta isa. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta yi hasashen ɓarnar da ake wa jirage a ƙasa za ta kusan kai dala biliyan 10 a shekara nan da 2035, kuma wannan lissafin ƙarfe ne kawai, ban da rayuka.

Nijar ba ta rasa masana ba. A Yamai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA take, inda ƙasashen Afirka da dama ke turo 'ya'yansu koyon kula da zirga-zirgar jirage. Sai dai horo ya fi karkata ga hasumiya da ofis, alhali wanda ya fi kowa kusa da injin shi ne mai waigi da mai ɗaukar akwati.

Ya kamata hukumar ANAC mai kula da sufurin jiragen sama ta riƙa wallafa rahoto duk shekara kan abubuwan da ke faruwa a ƙasa, har da waɗanda aka auna arziki, domin daga ƙananan ake gane babba tun bai zo ba. Hakan ba zai yiwu ba muddin ma'aikacin da ya goge jikin jirgi da motarsa yana tsoron kora idan ya faɗa. Ɓoyewa zai yi, jirgin ya tashi da rauninsa. A ba shi kariya a rubuce, a kuma ba kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantarsa, ikon ɗaga hannu ya tsayar da aiki idan ya ga jar fitila na walƙiya, ko da jirgin zai makara da minti 10 fasinjoji su yi ta tsaki.