Kafin mu taɓa kuɗin akwati don sayen kartush

 Maganar wannan wata ba ta zubi ba ce, ba ta rance ba ce, amma ta taɓa su duka biyu.

Bara, saura kwana uku mu yi rabo, muka je buga takardun lissafin ƙungiyoyin rezonmu. Takarda ta fito fari-fari, ga wani zane tun daga sama har ƙasa, ya bi ta kan sahun kuɗi. A gaban sunan wata baiwar Allah 8 ta koma kamar 3. Wadda ta yi wata tara tana zubi, ka nuna mata an rage mata, ai ka san ba injin za ta zarga ba, sakatariya za ta duba. Sai da muka fiddo babban littafi kafin hankali ya kwanta. Mafarin abin kuwa kartush ne da muka aiki yaro ya sayo mana, mai araha, ba mu gwada ba.

Injinmu irin na leza ne. Abin da ke cikin kartush ɗinsa ba ruwan tawada ba ne, gari ne mai laushi da ake cewa tonar, zafi ke manna shi a kan takarda. Kowane inji da nasa kartush, kamar tukunya da murfinta. HP LaserJet P1102 yana cin 85A, shi kuwa tsohon 1020 sai 12A. Kada mu ce wa ɗan aike "ka sayo na HP". A rubuta masa lambar, ko a ɗauki hotonta a waya, in da hali ma a ba shi tsohon ya tafi da shi.

A kasuwa iri uku za a nuna mana: na asali wanda kamfanin injin ya yi, da na wani kamfani da aka ƙera ya dace da injin, sai tsohon kwanso da aka sake ɗura wa gari. Mu dai ba mu raina na biyun ba, da shi muke aikin yau da kullum. Wanda muke tsoro shi ne na ɗure da aka sa wa sabon kwali aka ce na asali ne, a biya shi da tsada kuma.

Ɗure kansa ba laifi ba ne. Amma a cikin irin waɗannan kartush akwai wani gangan-gangan mai sheƙi da ke ɗaukar rubutu ya kai kan takarda. Shi ma yana tsufa. In ya goge, ko an cika kwanson da gari maƙil, zane da ɗigo ba za su daina fitowa ba. Don haka mu tambayi mai ɗurawa ko ya sake shi. Sababbin injuna kuma da yawa suna karanta wani ɗan guntun ƙarfe da ke jikin kartush, in bai yi musu ba su ƙi bugawa sam. A yi sharaɗi tun a kanti: in inji ya ƙi, za a maido.

Sai lissafi, wanda shi ne aikinmu. Kada a tsaya ga kuɗin kwali, a raba shi da yawan shafi. An ƙiyasta 85A na asali da shafi 1,600, 12A da 2,000. Mu ce an ce mana jika 40 ga mai shafi 1,600, kowane shafi ya tashi dala biyar ke nan. Wani na jika 12, in ya ba mu shafi 800, ya tashi dala uku, ya fi sauƙi. In kuwa ya tsaya a 300, dala takwas ne, arahar ta zama tsada. To, a kula: wancan ƙiyasi na shafi ne mai ɗan rubutu, wajen kashi 5 cikin 100 na takarda. Namu shafin duk layuka ne da gidajen lambobi, sun fi cin gari. Tun daga bara sakatariyarmu take rubuta ranar da aka sa kartush da yawan bandir ɗin takarda da aka buɗe har ya ƙare. Bandir ɗaya takarda 500 ne, lissafin ba wuya.

Ba mu sayen biyu ko uku mu jibge. Zafin watan Afirilu a ɗakin kwano yana sa garin ya dunƙule, ƙurar hunturu kuma ba ta bar komai ba. Ɗaya na ajiya ya isa, cikin ledarsa, a inuwa, kada a buɗe sai ranar sawa. In rubutu ya fara kodewa, a fiddo kartush a girgiza shi a hankali dama da hagu, zai ƙara mana wasu shafuka. In garin ya zuba a zane, a kakkaɓe a wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi manna shi zai yi.

Yanzu mu biyu ke zuwa saye, ma'ajiya da mace ɗaya da taro ya zaɓa, a karɓo takardar shaidar biya a karanta ta a gaban kowa. Rabon bana kuma mun sa a buga takardu tun saura sati biyu.