Alkafurar Da Za Ta Yi Kyau, Tun Daga Gudu Ake Gane Ta

A wasan jimnastik babu abin da ke ƙarewa da sauri kamar tsallen teburi. 'Yar wasa za ta sheƙo da gudu a kan hanyar da ba ta wuce mita 25 ba, ta taka allon tsalle, ta dafa teburi mai tsayin santimita 125, ta tashi sama ta yi alkafura, sannan ta dira a kan katifa. Daga barin hannunta kan teburi zuwa saukar ƙafarta kimanin sakan ɗaya ne. Saboda wannan sakan ɗin kowane koci yake fama da tambaya guda: yaushe ya dace a ce da yarinya ta bar siffar jikin da ta ƙware a kai, ta koma wadda ta fi wuya? Amsar ita ce, sai ranar da tsohuwar siffar ta yi mata kaɗan. Kalandar gasa ba ta da ta cewa a nan, haka ma burin iyaye da kwaɗayin maki.

Siffofin alkafura uku ne. Ta farko dunƙulewa, inda 'yar wasa ke jawo gwiwoyinta zuwa ƙirji. Ta biyu ninkewa, inda ƙafafu ke miƙe amma jiki ya karye a ƙugu. Ta uku miƙewa sambal, daga kai har yatsun ƙafa kamar sanda. Ga mai kallo, bambancin na ado ne kawai. Ga jiki kuwa lamarin lissafi ne. Duk abin da aka tattara nauyinsa kusa da tsakiyarsa ya fi saurin juyawa, kuma jikin da ya miƙe yana turje wa juyi kusan ninki uku na wanda ya dunƙule. Ga kuma dokar da ba ta canzawa: da zarar hannu ya bar teburi, ba a ƙara ƙarfin juyi ko tsayin tashi. Abin da aka tashi da shi, da shi za a sauka.

Ma'anar wannan ita ce, ba a sama ake koyon miƙewa ba. Kocin da ke tsaye gefen katifa yana yi wa yarinya tsawar ta miƙe jikinta a iska yana neman ta kashe kuɗin da ba ta tara ba. Ana tara su ne a ƙasa: a saurin gudu, a yadda ƙafa ta sauka a kan allo, da yadda kafaɗa ta ture teburi cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Misali mafi bayyana shi ne tsallen Yurchenko, wanda ya samo sunansa daga Natalia Yurchenko ta Tarayyar Sobiyet, da ta fito da shi a farkon shekarun 1980. A nan 'yar wasa kan yi wani juyi a kan hannuwa kafin allo, ta sauka a kansa ta ba teburi baya, sannan ta faɗa da baya ta dafa shi ba tare da ta gan shi sosai ba. Ƙwararrun masu horarwa kan shafe watanni ba su bar yarinya ta yi alkafurar ba sam. Sukan jibga katifu a bayan teburi har su kai tsayinsa ko su wuce, a ce ta tashi ta sauka a kansu da baya, jiki a miƙe. Daga nan sai ramin soso, sai katifa mai laushi a kan ramin, sai a ƙarshe katifar gasa.

Alamar cewa lokacin ci gaba ya yi ba ɓoyayyiya ba ce. Yarinya za ta kammala alkafurar dunƙule da wuri, ta buɗe jiki tana sama, ta hango ƙasa, ta jira ta. Za ta yi hakan ranar da take da kuzari da ranar da ta gaji, a ɗakin da ta saba da wanda ba ta sani ba. Wannan rarar tsayi da juyi ita ce jarin da za a sayi miƙewa da shi. Wadda kuwa har yanzu take dira ƙirji a ƙasa, gwiwa a durƙushe, ba ta gama da matakin da take kai ba. Idan kuma ta yi tsawo cikin 'yan watanni, kamar yadda yara kan yi a shekarun balaga, lissafin ya sauya, sai a sake gwaji daga tushe.

Ko ta fuskar maki, gaggawa ba ta da riba. Tazarar makin wuya tsakanin Yurchenko a dunƙule da a miƙe ba ta kai maki ɗaya ba, alhali faɗuwa kaɗai cikakken maki ɗaya take ci. Idan kuma ƙugu ya karye a iska, alƙalai kan ɗauki tsallen a matsayin ninkewa, su rage darajarsa, su kuma yanke na rashin kyau.

Asarar maki ƙaramar magana ce idan aka tuna Julissa Gomez, Ba'amurkiya mai shekara 15. A watan Mayun 1988, tana atisaye kafin gasa a Tokyo, ƙafarta ta kuɓuce wa allo a tsallen Yurchenko, kanta ya bugi dokin tsalle da ake amfani da shi a lokacin, jikinta ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Ta rasu a 1991. 'Yar jarida Joan Ryan ta ruwaito a littafinta na 1995 cewa an daɗe ana ganin tsallen nata bai zauna ba. Daga baya an wajabta katifar da ke kewaye allo, kuma a 2001 aka maye gurbin siririn dokin da faffaɗan teburi. Kayan aiki sun inganta, amma babu katifar da za ta maye gurbin hukuncin koci.

Masu ganin a yi sauri suna da hujja. Shekarun gasa gajeru ne, kuma miƙewa ita ce ƙofar murɗa jiki a iska, inda manyan maki suke. Suna kuma cewa wadda ta daɗe tana ninkewa kan saba da karya ƙugu da wuri, al'adar da ke da wuyar bari. Wannan batu na biyu gaskiya ne, shi ya sa wasu masu horarwa kan tsallake ninkewa, su koyar da miƙewa a ramin soso tun yarinya tana gasa a dunƙule. Hakan daidai ne. A rami za a iya gaggawa yadda aka so. Kan katifa mai tauri ne ake bukatar haƙuri.

Simone Biles ta nuna cewa haƙurin ba ya tauye ɗaukaka. Tun farkon 2020 aka ga bidiyonta tana alkafura biyu a ninke bayan shigar Yurchenko, tana faɗawa rami. Ba ta kai shi gasa ba sai Mayun 2021, tana da shekara 24. A gasar Olamfik ta Tokyo a wannan shekarar, da ta yi niyyar murɗawa biyu da rabi ta tsinci kanta da ɗaya da rabi, ba ta san inda take a iska ba, sai ta janye, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. A gasar duniya ta 2023 a Antwerp, inda aka sa wa tsallen sunanta da makin wuya 6.4, ta yarda a yanke mata rabin maki don kocinta Laurent Landi ya tsaya kusa da wurin dira. A wasan ƙarshe na tsallen ta wuce juyi ta faɗi da baya, Rebeca Andrade ta Brazil ta ɗauki zinare. Shekara guda bayan haka, a Paris, da tsallen nan ta ci zinaren.

Idan wadda duniya ba ta ga kamarta ba ta sadaukar da rabin maki don ta tsare wuyanta, babu kocin da ke da uzurin sa 'yar shekara 12 ta yi caca da nata saboda kofin ƙarshen mako. Gwanintar mai horarwa tana cikin iya kallon yarinyar da ke ɗokin miƙewa, da iyayen da suka gaji da jira, ya ce musu da saura, sannan ya mayar da ita kan gudu da tura teburi har rarar ta bayyana.