Safar Matsi Da Ƙafafun Mutanen Gobir

Duk wanda ya ji an ambaci Sabon Birni ko Isa a 'yan shekarun nan, bindiga ce take fara faɗo masa a rai. Ba a manta da matafiyan da aka ƙone cikin mota a Disamban 2021 ba, balle kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun 'yan bindiga cikin Agustan 2024. Amma rashin tsaro yana da wata ɓarnar da rediyo ba ya ɗaukowa. Idan hanyar Sakkwato ta zama abin fargaba, kemis ɗin bakin kasuwa shi ne asibiti, mai kemis kuma shi ne likita. A nan ne mai kumburarriyar ƙafa yake samun labarin wata safa mai matsewa da aka ce tana gyara gudun jini, ko kuma wani alhaji ya zo masa da ita tsaraba daga Makka. Safar nan tana aiki, ba ƙarya. Sai dai akwai ƙafar da take yi wa magani, akwai kuma wadda take iya kaiwa ga yankewa.

Harshenmu ma ya taimaka wajen rikita lamarin. Kalma ɗaya muke da ita, jijiya, alhali hanyoyin jini iri biyu ne a ƙafa. Akwai masu kawo jini daga zuciya, akwai masu mayar da shi. Masu mayarwar nan aikinsu hawan tudu ne, don haka Allah Ya sanya musu wasu 'yan ƙofofi a ciki waɗanda suke buɗewa sama kawai, kuma duk takun da mutum ya yi, naman sha-raɓa yana matsa su ya tura jinin gaba. Idan ƙofofin suka saki, jini yakan koma ya kwanta a ƙasa. Daga nan sai jijiyoyi su fito a murɗe kamar igiya, ƙafa ta yi nauyi da la'asar, idon sawu ya kumbura, fata ta yi duhu tana ƙaiƙayi. Ƙarshen abin shi ne gyambon nan na saman idon sawu da yake shekara bai warke ba.

Su wa abin ya fi kamawa? Mai shayi da mahauci da malamin aji, masu wuni a tsaye wuri guda. Ɗan sintirin da yake kwana a tsaye a bakin gari. Sai mata, domin kowane ciki yana danne manyan jijiyoyin ƙugu yana kuma sassauta bangonsu, ga shi binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Arewa maso Yamma tana haihuwa 6.6 a matsakaici. Ƙara da 'yan gudun hijirar da suka baro ƙauyukansu, wasu a cikin gari, wasu a ƙetare cikin jihar Maraɗi, inda cunkoso kan sa tsohuwa ta kwana a jingine ba ta miƙe ƙafa ba. Shi kuwa telan da yake taka keke da ƙafa, ya gode wa Allah, sana'arsa tana yi masa rabin magani bai sani ba.

Ga irin waɗannan ƙafafu aka yi safar. Wani injiniya Bajamushe mazaunin Amurka, Conrad Jobst, mai fama da wannan ciwo, shi ne ya lura cewa ƙafarsa tana samun sauƙi idan ya tsaya a cikin ruwa mai zurfi, saboda ruwa ya fi matsa ƙasa fiye da sama. Wajen 1950 ya ƙera safa a kan wannan tsari: matsi mai ƙarfi a idon sawu, yana raguwa zuwa gwiwa. Wannan ne ya raba ta da safar 'yan ƙwallo, ya kuma raba ta da tsumma ko roba da wasu suke ɗaurewa a ƙasan gwiwa, wanda tare jinin yake yi. A jikin kwalinta ana rubuta ƙarfinta da ma'aunin da ake auna hawan jini, kamar 15–20 ko 20–30 ko 30–40 mmHg. Ba ta mayar da murɗaɗɗiyar jijiya daidai. Tana rage kumburi da nauyi, kuma tana hana warkakken gyambo dawowa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Idan hanyoyin da suke kawo jini ne suka tsuke, kamar yadda yakan faru ga masu ciwon sukari da mashaya taba da tsofaffi, ƙafar tana cikin yunwar jini ne, matsi kuwa ƙara shaƙe ta zai yi. Alamun wannan daban suke: tafin ƙafa yana sanyi, sha-raɓa tana ciwo idan an yi tafiya ta daina idan an tsaya, da dare kuma zogi kan sa mutum ya sauko da ƙafar daga gado ya ji dama. Mai sukarin da ƙafarsa ta daina jin taɓi ya fi kowa shiga haɗari, don safa za ta ci masa fata bai ji ba. Likitoci suna rarrabewa da ƙaramar na'urar Doppler mai aiki da batir, su gwada ƙarfin jinin idon sawu da na damtse. Idan lissafin ya gaza 0.8, ba a sa safa mai ƙarfi sai da kulawar ƙwararre; ƙasa da 0.5 kuwa ba a sa ta sam. A ganina, tabbatar da wannan na'ura da wanda ya iya ta a manyan asibitocin Isa da Sabon Birni abu ne da ma'aikatar lafiya ta jiha za ta iya yi ba tare da jiran kwangila ba, kuma zai rage masu sayar da rai su bi hanya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo don gwajin minti ashirin.

Ba kowane kumburi ne na jijiya ba. Zuciya da ƙoda da hanta duk suna kumbura ƙafa, haka tundurmi. Ƙafa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya da zafi da ciwo na iya zama daskararren jini, wanda kan ɓalle ya tafi huhu. Mai cikin da fuska da hannaye suka kumbura mata tare da ciwon kai, awon jini take buƙata a ranar, kafin jijjiga ta zo. Waɗannan asibiti suke so, ko da hanya ba daɗi.

Wanda aka tabbatar safar ta dace da shi, ya auna kaurin idon sawu da na sha-raɓa da sassafe kafin ya saya, domin ba a sayen ta da ƙiyasi kamar hula. A sa ta da safe kafin kumburi ya sauko, a cire da dare, kada a naɗe bakinta, kada a bar ta ta tattare. Na san zafin bazararmu, lokacin da ma'auni yake haura 40, kuma a lokacin ne jijiyoyi suka fi buɗewa, wato lokacin da aka fi ƙin safar shi ne aka fi buƙatar ta. Mai tsayawa a gwiwa ta wadatar wa yawancin mutane. A wanke ta da hannu, a shanya a inuwa. Man kaɗe a bar shi sai dare, don maiƙo yana kashe robarta. Bayan wata uku zuwa shida ƙarfinta ya tafi. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka mutu, a cire nan take.

Wanda ba shi da kuɗinta bai rasa komai ba: ya riƙa ɗaga dugadugai yana saukewa a inda yake tsaye, ya taka 'yan taku, da hantsi da dare ya kwanta ya ɗora ƙafa a kan buhu ko matashi ta ɗara ƙirjinsa. Ina kuma roƙon wanzamanmu, da dukkan girmamawa, kada a tsaga murɗaɗɗiyar jijiya ko a kafa mata ƙaho da sunan fitar da mataccen jini. Idan ta fashe da kanta, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsaftataccen ƙyalle minti goma ba ɗagawa, sannan a nemi ma'aikacin lafiya.