Namiji da Mace a Gaban Cuta: Wa Ya Fi Garkuwa?

A Tudun Kaya ta ƙasar Ƙaraye, kamar sauran ƙasar Hausa, an ɗauka cewa namiji ya fi mace jure wa cuta, tun da shi ke riƙe garma. Wannan zato yana bukatar gyara, domin ƙarfin damtse daban, garkuwar jiki daban.

Masana sun tabbatar da cewa sinadaran jinsi da ke yawo cikin jini suna da hannu a aikin garkuwa. Isturojin, wanda ya fi yawa a jikin mace, yana zaburar da ita ta ƙera makaman yaƙar ƙwayoyin cuta. Shi kuwa testostiron na namiji sassauta ta yake yi. Binciken tarin tibi da aka gudanar a Nijeriya a 2012 ya nuna cewa masu cutar cikin maza sun ninka mata, ko da yake shan taba da yawan cuɗanya su ma suna da nasu kason.

Amma kaifin nan na mace ba kyauta ba ne. Wani lokaci garkuwar takan juya wa jikin da take tsaro. Cikin mutum 10 masu cutar lufus, kimanin 9 mata ne, kuma wani ciwon gaɓoɓin da akan kira sanyi daga nan yake.

Sa'an nan ga goyon ciki. A lokacin, furojestiron yana lallashin garkuwa don kada ta ɗauki ɗan tayi a matsayin baƙo. Wannan na cikin dalilan da zazzaɓin cizon sauro ke kayar da mai ciki, musamman cikin fari, ya jawo ƙarancin jini da haihuwar jariri maras nauyi. A ƙasar da madatsar ruwa ta Challawa take tun 1992, ga kuma fadamu, sauro ba baƙo ba ne.

Saboda haka magidancin da ya yi mako 2 yana tari kada ya fake da mazantaka, ya je gwaji. Mai ciki kuma a bar ta ta je awo, ta sha maganin rigakafin zazzaɓi aƙalla sau 3.

A nan nauyi ya hau wuyan ɗaliban Hausa. Muddin ilimin nan yana tsare cikin Turanci, manomin Tudun Kaya ba zai ji shi ba. Rashin sani kuwa, in ji Bahaushe, ya fi dare duhu.