Makaɗan Gabashin Sakkwato da Fim

A shekarar 1954 kamfanin Mosfilm na Rasha ya fitar da fim na waƙa da barkwanci mai suna Vesyolye Zvyozdy. Labarinsa bai taka kara ya karya ba, hujja ce kawai ta tara mawaƙa irin su Utyosov da Shulzhenko wuri guda. Amma har yau ana ganin fuskokinsu. Nan kuwa, kaset ya adana muryar Ɗan'anace yana wasa Shago, bai adana yadda fage ke ruɗewa in kalangu ya tashi ba. Makaɗan fada da na noma a Wurno, Rabah da Goronyo suna tsufa. Wajibi ne Sashen Hausa ya ɗauke su a fim, a fagensu, tare da 'yan amshinsu.