An miƙa wa ɗanki makullin tirela: wa zai ɗauki nauyinsa idan tsautsayi ya faɗa?

Maganarmu ta yau ta shafi gidajen da ake cin abinci da tuƙin babbar mota, musamman gidan da maigida ko ɗa bai da motar da aka damƙa masa ta dindindin, sai dai a kira shi ya riƙe wa wani. Shi ne direban riƙo, wasu su ce direban canji. Ainihin direban motar ya kwanta ciwo, ko matarsa ta haihu, ko ya dawo daga Legas a galabaice ga kuma lodi na jira a Dawanau, sai a buga wa wannan waya a ce ya zo ya karɓi makulli.

A gida kowa murna yake yi da irin wannan kira, don an san za a ɗora tukunya. Galibi yaron da ya yi shekaru yana yaron mota ta wannan hanya yake fara zama cikakken direba. Sai dai duk cikin masu cin abinci a jikin motar nan, direban riƙo ne ya fi kowa zama a fili ba inuwa. Mai mota yana da takardunsa, mai kaya yana da rasitinsa, ainihin direba an san shi a ƙungiya. Shi kuwa sau da yawa abin da ya haɗa shi da aikin bai wuce magana ta baki a tasha ba.

Yadda aikin yake

Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000. Motar da ta ɗauko tumatir ko dabbobi ba ta da lokacin jira, don kowace awa da aka ƙara a hanya asara ce ga mai kaya. Ainihin direba yana iya ce wa mai mota ya gaji, saboda an saba da shi kuma ana jin maganarsa. Direban riƙo bai da wannan bakin. Yana so a sake kiransa gobe, don haka zai danne barci da goro da shayi, wani ma abokai su ja shi ga ƙwaya, wadda ba ta maganin gajiya sai dai ta ɓoye ta har lokacin da ido zai rufe da kansa a kan sitiyari.

A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ƙayyade wa direban babbar mota awa 9 na tuƙi a rana, kuma bayan kowace awa 4 da rabi dole ya huta na minti 45. Akwai na'ura a jikin motar da ke rubuta duk wannan. Jikin ɗan Adam ɗaya ne a ko'ina, don haka wannan awo ne mai kyau da za ki riƙa tuna wa naki da shi, ko da babu na'urar da za ta kama shi.

Bayan gajiya akwai rashin sanin motar. Kowace tsohuwar tirela da halinta. Wanda ya saba da ita ya san birkinta yana jinkirin kamawa, ya san tayar da aka yi wa faci, ya san giyar da ke zamewa a gangara. Wanda aka miƙa wa makulli da magariba bai san ko ɗaya ba, sai hanya ta koya masa. Ga kuma batun kuɗi: a yi tafiya a dawo, a ce kuɗin hanya da na abinci sun cinye ladan, ko a ce an ga ƙarancin buhu biyu a kaya don haka za a cire daga haƙƙinsa. Ba shaida, ba takarda, sai haƙuri.

Takardar inshorar da ke cikin motar ba ta direba ba ce

Nan ne yawancinmu muke ruɗewa. Za ki ji uwa ta ce hankalinta kwance yake, ai motar tana da inshora. To, wace iri?

Tun dokar 1945 wajibi ne kowace mota da ke hawa titi a Najeriya ta mallaki abin da ake kira inshorar mutum na uku. Mutum na farko shi ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa shi ne wanda motar ta yi wa ɓarna: mai tafiya a ƙasa da aka buge, mai shagon da aka rusa, mai ƙaramar motar da aka murƙushe. Su ake biya. Hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sabunta farashin daga 1 ga Janairun 2023. Ƙaramar motar gida ta koma naira 15,000 a shekara daga naira 5,000, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Babbar motar dakon kaya kuwa naira 100,000 ce a shekara, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 5, ban da diyyar rauni ko rai na mutanen da aka buge. Daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara matsa lamba wajen duba wannan takarda a kan hanya.

Direban da ke riƙe da sitiyari ba ya cikin waɗanda wannan inshora ke biya. Idan ya karye a ƙafa, ko ya rasa hannu, ko ya rasu, ba ta da abin da za ta ba iyalinsa. Haka ma yaron motarsa, domin shi ma'aikaci ne a motar. Ko babbar inshorar da ake kira ta komai da komai, gyaran motar da ɓarnar da ta yi wa wasu ne ainihin aikinta, kayan da aka ɗauko ma suna da tasu inshorar daban. Sai idan mai mota ya ƙara sayen kariya ta musamman domin haɗarin da zai sami direba, wannan kuwa sai an tambaya ake sani.

Duk da haka takardar tana da amfani ga ɗanki, kuma babba ne. Idan motar ta yi ɓarna, shi 'yan sanda za su fara riƙewa, ba mai motar da ke zaune a gida ba. Idan inshorar tana raye, akwai inda kuɗin diyya zai fito. Idan ta mutu ko ta bogi ce, masu haƙƙi a kansa za su tsaya, kuma doka ta ɗora laifin hawa titi ba inshora a kan wanda ya tuƙa da wanda ya ba shi izinin tuƙawa. A nan ne za ki ga uwa ta sayar da akuyoyinta, mata ta ɗaga 'yan kunnenta, ana neman kuɗin beli da na sulhu.

Abubuwa uku da kan sa kamfani ya ƙi biya

Na farko, izinin mai mota. Inshorar mota tana aiki ne a kan wanda ke tuƙi da izinin mai ita, wasu takardun ma sun ambaci sunayen direbobin da aka yarda da su. Abin da ya zama ruwan dare a tashoshinmu shi ne ainihin direba ya ba abokinsa ko yaronsa mota a ɓoye, su raba kuɗin tafiya, mai mota bai sani ba. Ranar da abu ya faru, mai mota zai ce bai san shi ba, kamfani ma ya ce bai san shi ba.

Na biyu, lasisi. Lasisin tuƙi aji-aji ne. Wanda ake tuƙa ƙaramar mota da shi bai isa a ja tirela ba. Motar da ke da kai da jela tana buƙatar aji na G. Lasisin kuma yana ƙarewa bayan shekara 3 ko 5, gwargwadon wanda aka yanka. Direba yana iya zama gwani wanda duk tasha ke yabo, amma idan ajin lasisinsa bai dace da motar ba, ko ya ƙare, kamfani ya sami hujjar zamewa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke buga lasisin tare da hukumomin jihohi. A bi ta hanyarsu, a guji 'yan kan hanya masu cewa za su kawo shi gida cikin kwana biyu.

Na uku, takardar bogi. Akwai masu buga takardar inshora a bakin ofisoshin lasisi da kuɗi kaɗan, tana da tambari da komai, amma babu kamfanin da ya san da ita. Ana iya ganewa daga waya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID. A danna *565*11# a bi umarni a saka lambar motar, zai nuna ko tana da inshora mai rai. Wayar da kike karanta wannan rubutu da ita ta isa ta yi wannan aiki, lambar mota kawai kike buƙata.

Sai a ƙara da ɗaukar fasinja a saman kaya. Direban riƙo da aka ba ɗan abin da bai taka kara ya karya ba yakan so ya cike gurbi da kuɗin mutanen da zai ɗora a kan buhuna. Doka ta hana, motar kaya ba ta fasinja ba ce, kuma idan ta faɗi da su nauyin rayukansu yana wuyansa.

To shi direban, wa ke biyansa?

Akwai doka a kan haka, sai dai mutane kaɗan suka san ta. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF. Daga nan ake biyan magani da diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko iyalinsa idan ya rasu. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne dokar ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo, ko da yarjejeniyarsu ta baki ce. Ta ce a sanar da uban gida cikin kwana 14 da faruwar haɗari, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara 1.

Manyan kamfanonin sufuri sun fi bin wannan tsari. Alhaji mai tirela biyu ko uku a unguwa, da wuya ki same shi a ciki. A irin wannan hali abin da ya rage shi ne a yi magana tun kafin a tayar da mota: idan an ji ciwo a hanya, wa zai biya asibiti? A yi ta a gaban shugabannin tasha, na ƙungiyar direbobi ta NURTW ko ta masu motoci ta NARTO, domin su ake nema idan rigima ta taso.

Wasu masu motoci suna guje wa inshora saboda shakkar halaccinta a addini. Ga irinsu akwai takaful, tsarin taimakekeniya da aka gina bisa shari'ar Musulunci. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da ke yi wa motoci. Wannan uzurin ya kau.

Abin da ke hannunki

Na san wata za ta ce, ni da nake cikin gida, ina ni ina maganar tasha? Gaskiya ne ba ke za ki je gaban mai mota ba. Amma ɗa yana jin maganar mahaifiyarsa, miji kuma yana sauraron matarsa idan ta zaɓi lokaci ta tausasa harshe. Kafin ya fita, ki tambaye shi ko mai motar da kansa ya san shi ne zai ja ta. Idan ya ce e, ya sa a turo masa saƙo ko muryar WhatsApp da ke faɗin haka, da inda za shi, da nawa za a ba shi. Saƙon nan shaida ne. Ki karɓi lambar motar da lambar wayar mai ita da ta yaron mota ki adana. Ki ɗauki hoton lasisinsa, ki riƙe ranar ƙarewarsa yadda kike riƙe ranar rigakafin yara, in ta kusa a fara tara kuɗin sabuntawa ko da ta adashi ne. Ki roƙe shi ya zagaya motar da rana tare da ainihin direban, ya gwada birki, ya duba tayoyi da fitilu, a ƙirga kaya a gabansa.

Idan Allah Ya kawo tsautsayi, bayan asibiti abu na farko shi ne rahoton 'yan sanda, domin kamfanin inshora zai nema. A ɗauki hotuna, a ajiye kowane rasitin magani, a sanar da mai mota nan take, kuma kada ya sa hannu a wata takardar sulhu shi kaɗai a gefen titi cikin ruɗewa.

Zai yiwu ya ce miki idan ya tsaya tambayoyi za a ba wani motar. Hakan na faruwa, kuma rasa tafiya ɗaya a gidan da ke jiran cefane ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai mai motar da takardunsa suke daidai ba ya jin haushin a tambaye shi, wanda ya fusata kuwa ya riga ya nuna yadda zai yi ranar da aka kira shi daga caji ofis. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Iyaye mata da matan direbobi, ku faɗa mana yadda ake yi a tashoshin garuruwanku, da yadda ta kaya ga waɗanda suka taɓa neman haƙƙinsu, domin wata ta ƙaru. Allah Ya tsare mana su a hanya, Ya dawo da su gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.