Amaryar Damagaram da Sashe na 26

A ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa akwai matan da aka auro daga Damagaram da Maraɗi, sun hayayyafa, amma ba su da takardar zama. Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ba matar ɗan Nijeriya damar rajistar zama 'yar ƙasa. Sai dai hukuma takarda take nema, alhali waliyyi da shaidu da sadaki ke tabbatar da auren karkara. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta girgiza yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, ga shi kuma banki da layin waya da rajistar haraji duk sun rataya a kan lambar NIN. Ya kamata shaidar limami da dagaci, a gaban alƙali, ta wadatar a matsayin hujjar aure.